Adashin Lafiya A Amurka Ya Fi Ƙarfin Mai Albashi

Duk wanda ya ji an ambaci Amurka, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne dukiya. Gaskiya ne kuwa, babu ƙasar da ta kai ta arziki, kuma likitocinta har sarakuna da shugabannin ƙasashe su kan ƙetare teku su je wurinsu neman magani. Amma akwai wani al'amari nata da ya kamata mai jiran ƙarshen wata ya sani, ko akawu ne ko malamin makaranta, domin shi zai fi kowa gane zafinsa. Cikin manyan ƙasashe masu arziki waɗanda jama'a ke zaɓen shugabanninsu, ita kaɗai ce ba ta shirya wa kowane ɗan ƙasa hanyar ganin likita ba. A 2023 mutum wajen miliyan 26 ba su da inshorar lafiya ko ta anini, alhali a shekarar nan an kashe dala tiriliyan 4.9 a kan magani, watau dala 14,570 ke nan a kan kowane rai, jariri da tsoho. Kuɗin nan ya haura kashi 17 cikin 100 na dukan abin da ƙasar ta samar a shekarar. A 1960 kashi 5 ne kurum.

Inshorar lafiya dai kamar adashi ta ke, sai dai ba a kwasa bi da bi. Kowa ya kan yi zubi wata wata, amma wanda ciwo ya kayar shi ke kwasa. Mai ƙoshin lafiya ya iya yin shekara goma yana zubi bai ɗauki kome ba, bai kuwa yi hasara ba, gama kwanciyar rai ya saya. Uwar adashin ita ce kamfani, ko kuwa gwamnati. Abu biyu ke riƙe da wannan adashi. Na ɗaya, sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa ƙwarai a ciki. Na biyu, nauyin zubi yana bin abin da asibiti da likita da mai sayar da magani su ke karɓa ne, in sun ɗaga farashi dole zubi ya hau. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ya riƙe kan zaren labarin nan duka.

Malaman Makaranta Suka Fara

A 1929, a birnin Dalas na jihar Teksas, an ɗora wa wani mutum mai suna Justin Ford Kimball kula da sha'anin asibitin Jami'ar Baylor. Dā shi ne shugaban makarantun birnin, saboda haka da ya buɗe littafin masu bashi sai ya ga sunayen malamai da yawa waɗanda ya sani, an yi jinyarsu sun kasa biya. Ya kawo musu shawara, kowane malami ya riƙa ba da rabin dala a wata, watau dala 6 a shekara, in ciwo ya kama shi asibiti ya kwantar da shi har kwana 21 ba ya biyan kome. Malamai fiye da dubu suka shiga. Wasu garuruwa suka kwaikwaya, daga nan aka sami ƙungiyoyin da a ke kira Blue Cross. Ba riba su ke nema ba a lokacin, kuma zubi ɗaya su ke yanka wa kowa, yaro da babba.

Yaƙin Hitila ne ya juya al'amarin. A 1942 gwamnati ta hana kamfanoni ƙarin albashi don kada kaya su yi tsada, ga shi kuwa samari sun tafi soja, ma'aikata sun yi wuya. To, da me mai masana'anta zai jawo leburan maƙwabcinsa, tun da an ɗaure masa hannu wajen albashi? Sai ya ce, zo wurina in biya maka inshorar lafiya. Hukumar ƙwadago ta lokacin yaƙi ta yarda cewa wannan ba ƙarin albashi ba ne, a 1954 kuma dokar haraji ta tabbatar da cewa abin da ubangida ya zuba wa ma'aikacinsa na inshora ba a cire masa haraji. A 1940 masu inshorar asibiti ba su wuce ɗaya cikin goma ba, kafin 1950 sun kai kusan rabin jama'a. Babu wata majalisa da ta zauna ta ce ga yadda za mu tsara lafiyar ƙasa. Dabarar kauce wa dokar yaƙi ce ta zama ginshiƙi, har yau kuwa mutum fiye da miliyan 150 ta wurin aikinsu, ko aikin miji ko mata ko uba, su ke samun inshora.

An so a bi wata hanya. A watan Nuwamba 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta kafa adashi ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar likitocin Amurka ta tashi haiƙan, ta aza wa kowane ɗanta dala 25 don yaƙar shirin, ta cika jaridu da gidajen rediyo da cewa wannan gurguzu ne. A zamanin nan kuwa ba kalmar da ta fi wannan tsoratar da Ba'amurke. Shirin ya mutu. A daidai lokacin ne Ingila, wadda yaƙi ya bari da bashi har wuya, ta buɗe nata tsarin ran 5 ga Yuli 1948, inda a ke biyan likita da asibiti daga haraji. Sai a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya samu ya fid da rukuni biyu daga hannun kasuwa: Medicare domin wanda ya kai shekara 65, da Medicaid domin matalauta. Ya tafi har garin su Truman ya sa hannu a dokar, aka miƙa wa tsohon kati na farko. Amma mai aiki wanda bai tsufa ba, bai kuma talauce sarai ba, an bar shi da ubangidansa da kamfani.

Wa Ke Biya?

Akwai wata cibiya mai suna KFF wadda ke bin kamfanoni kowace shekara tana tambayar abin da su ke biya. A 1999 inshorar magidanci da iyalinsa dala 5,791 ce a shekara, in an daidaita. A 2024 ta kai dala 25,572, watau ta haura ninki huɗu, albashi kuwa cikin wannan tsakani wajen ninki biyu ya tsaya. A 2025 ta ƙara hawa zuwa dala 26,993. Don mai karatu ya auna, mafi ƙanƙantar ladan da dokar tarayya ta yarda a biya lebura a 2024 shi ne dala 7.25 a awa, ba a kuwa taɓa shi ba tun 2009. Wanda ya yi awa 40 kowane mako a kan wannan lada, shekara cur ba hutu, dala 15,080 zai tara. Ashe zubin iyali ɗaya ya fi dukan gumin irin wannan lebura nesa ba kusa ba.

Cikin dala 25,572 ɗin nan, abin da a ke yanka daga albashin ma'aikaci, wanda ya ke gani a takardar biyansa, dala 6,296 ne. Saura dala 19,276 ubangida ke biya, shi ya sa ma'aikata da yawa su ke tsammani alheri a ke yi musu. Amma duk akawun da ya taɓa shirya kasafi ya san ba haka ba ne. Kamfani ba ya duban albashi dabam, inshora dabam, jimlar abin da ma'aikaci ke ci masa a shekara ya ke dubawa. In inshora ta cinye dala dubu, ƙarin albashi ya ragu da dala dubu. Masana tattalin arziki, na kowace jam'iyya, kusan bakinsu ɗaya a kan wannan. A ganina nan ne babban mugun abin ya ke, domin harajin da mutum ke gani ya kan yi ƙara a kansa, amma wanda aka zare tun kuɗin bai iso hannunsa ba, da wuya ya san an taɓa shi.

Da a ce iyakarta ke nan, da da sauƙi. Bayan zubi akwai abin da za mu kira kuɗin bakin ƙofa. Kowace shekara sai mutum ya fara biyan wani adadi daga aljihunsa kafin kamfani ya soma sa hannu a yawancin jinya. A 2024 wannan ya kai dala 1,787 ga mutum ɗaya in an daidaita, na ma'aikatan ƙananan kamfanoni kuwa ya fi haka. Ko an wuce ƙofa ma, a kan raba sauran lissafi, kamfani ya ɗauki kaso babba, majinyaci ya ɗauki ƙarami. Doka ta sa iyaka ga abin da za a karɓa daga gare shi, amma iyakar a 2024 dala 9,450 ce ga mutum ɗaya, dala 18,900 ga iyali. Sai a haɗa wannan da binciken babban bankin ƙasar na 2023, wanda ya nuna mutum 37 cikin 100 ba za su iya fid da dala 400 nan take daga abin da ke hannunsu ba in larura ta faɗo. Saboda haka sai ka ga mutum da katin inshora a aljihu, yana tari wata biyu, yana ta jan ƙafa wajen zuwa asibiti. An ƙiyasta bashin jinya da ke kan Amurkawa bai gaza dala biliyan 220 ba, da yawa daga masu bashin nan kuwa suna da inshora sa'ad da suka kwanta.

Sa'an nan ga igiyar da ke wuyan ma'aikaci. Ran da aka sallame shi, inshorarsa ta kama hanyar fita, ta matarsa da ta 'ya'yansa duka. Akwai doka tun 1986 da ta ba shi izinin riƙe ta har wata 18, amma da sharaɗin ya biya zubin duka, nasa da na ubangida, har da ɗan ƙari. A ce wa wanda ba shi da albashi ya kawo fiye da dala dubu biyu kowane wata, ai an hana shi ne cikin ladabi. Shi ya sa mutum mai ɗa mai ciwo ya kan zauna a aikin da ya ƙi jini shekara da shekaru, ana taka shi yana haƙuri.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Shirin inshorar lafiya da Nijeriya ta soma a 2005 shi ma da ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fara, watau ta ƙofar albashi, kuma kamfanonin nan da ke tsakanin ma'aikaci da asibiti, waɗanda a ke kira HMO, sunansu da fasalinsu daga Amurka aka aro su. A 2022 kuma an yi dokar da ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Wanda ya ari riga ya kamata ya san inda ta matse mai ita.

Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Mutum zai zaci Amurkawa sun fi kowa zuwa asibiti. Ba haka ba ne. Ba'amurke ya kan ga likita kamar sau 4 a shekara, Bajamushe ya ninka shi, mutumin Japan ya kusa ninka shi uku. Gadajen asibiti a Amurka ba su kai 3 ga mutum dubu ba, a Jamus sun kusa 8, a Japan sun haura 12. Tun a 2003 wasu masana, cikinsu har da Uwe Reinhardt na Jami'ar Princeton, suka bi lissafin nan suka nuna cewa ba yawan jinya ne ya bambanta Amurka da sauran ba, farashi ne. Allura ɗaya, hoto ɗaya, fiɗa ɗaya, kwana ɗaya a gado, kowanne kuɗinsa ya fi na ko'ina.

Dalili kuwa a fili ya ke ga duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwa. A Japan gwamnati ke rubuta farashin kowane aikin likita a littafi ɗaya, a kan sake duba shi bayan shekara biyu biyu, kowane asibiti shi ya ke bi. A Jamus, inda aka fara wannan adashi tun 1883 zamanin Bismarck, asusun marasa lafiya su kan haɗa kai su yi ciniki da likitoci da murya ɗaya. A Amurka kowane kamfani shi kaɗai ya ke zuwa ya yi nasa ciniki da kowane asibiti, asibitocin kuwa sun yi ta saye juna har a garuruwa da yawa mai gida ɗaya ke riƙe da mafi yawansu. In rijiya ɗaya ce a gari, mai ita ke yanka kuɗin guga. Cibiyar bincike ta RAND ta gano cewa a 2022 inda Medicare ta biya asibiti dala 100, kamfanonin inshora dala 254 suka biya a kan aiki iri ɗaya. Bambancin duka yana komawa cikin zubin ma'aikaci.

Maganin ciwon sukari, insulin, ya isa misali. Waɗanda suka gano shi a Kanada sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinsa a 1923 a kan dala ɗaya ɗaya, don kada ya gagari kowa. Wani irinsa mai suna Humalog, kwalba ɗaya dala 21 ce a Amurka a 1996, kafin 2019 ta kai wajen dala 275, magani kuwa shi ne dai bai sake ba. Masu ciwon da ke kusa da iyaka suka riƙa shiga mota suna ƙetarawa Kanada su sayo, waɗansu kuma suka riƙa rage allura don kwalba ta daɗe, har aka yi hasarar rayuka. Dokar 2003 da ta sa Medicare biyan kuɗin magunguna ita ce kuma ta hana gwamnati yin ciniki da masu yin su. Sai a 2022 aka sassauta, aka tsayar wa tsofaffi insulin a kan dala 35 a wata, aka kuma yarda a yi ciniki a kan magunguna goma tukuna.

Akwai kuma kuɗin takarda. Tun da kowane kamfani da nasa sharuɗɗa da nasa farashi, asibiti sai ya ɗauki rundunar akawuna masu rubuta lissafi, kamfani kuma ya ɗauki tasa rundunar masu neman dalilin ƙin biya. Sau da yawa likita ba ya iya yin aiki sai ya nemi izinin kamfani tukuna. A wannan fanni dai akawuna ba su yi kukan rashin aiki ba, amma albashin rundunonin biyu daga zubi ya ke fita. Fushin jama'a a kan ƙin biya ya fito fili ran 4 ga Disamba 2024, sa'ad da aka harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin UnitedHealthcare, a kan titi a birnin New York. Kisan kai ne, ba shi da wani suna. Abin da ya firgita masu hankali shi ne yawan mutanen da suka amsa labarin da kawo nasu ƙorafi maimakon ta'aziyya.

Duk da wannan kashe kuɗi, tsawon ran Ba'amurke a 2023 shekara 78.4 ne in an daidaita, na mutumin Japan wajen 84. Adalci ne a faɗi cewa ba inshora kaɗai ke da laifi ba, akwai bindiga da miyagun ƙwayoyi da haɗarin mota. Adalci ne kuma a faɗi cewa mai inshora mai kyau a Amurka ya kan sami jinyar ciwon daji wadda ba a fi ta a ko'ina, ba tare da dogon jiran da a ke kuka da shi a Ingila da Kanada ba. Irin waɗannan mutane suna da yawa, suna kuma jefa ƙuri'a, su ne ke jin tsoro duk ran da aka ce za a sake tsari.

Dokar Obama Da Abin Da Ya Biyo Baya

Shugaba Bill Clinton ya gwada gyara a 1993 ya sha ƙasa. Shugaba Barack Obama ya sa hannu a tasa dokar ran 23 ga Maris 2010, lokacin marasa inshora sun kusa miliyan 50. Kafin dokar nan kamfani yana da ikon ƙin karɓar mai tsohon ciwo, ko ya ninka masa zubi. Dokar ta hana wannan, ta bar 'ya'ya cikin inshorar iyayensu har shekara 26, ta buɗe kasuwa inda wanda ba shi da ubangida zai saya da gudummawar gwamnati, ta kuma faɗaɗa Medicaid. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce faɗaɗawar nan ganin damar kowace jiha ne, har zuwa 2024 kuwa jihohi goma ba su karɓa ba, cikinsu har da Fulorida da Teksas, mahaifar adashin malamai. Duk da haka marasa inshora sun ragu da kusan rabi. Abin da dokar ba ta taɓa sosai ba shi ne farashi. Ta dai ce cikin kowace dala 100 ta zubi sai kamfani ya kashe 80 ko 85 a kan jinya. Amma wanda rabonsa kaso ne daga cikin tuwo, ba zai yi baƙin ciki ba in malmala ta ƙara girma.

A 2021, cikin annobar korona, aka ƙara yawan gudummawar gwamnati, daga baya aka yanka mata wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Masu saye a kasuwar nan suka ninka, suka kai miliyan 24, cikinsu akwai manoma da masu ƙananan shaguna da masu sana'ar hannu da waɗanda suka bar aiki kafin shekara 65. Da wa'adi ya matso, jam'iyyar Democrat ta ce ba za ta yarda da kasafi ba sai an tsawaita, jam'iyyar Republican ta ce baitulmali ba zai ɗauki gudummawar annoba har abada ba. Aka rufe ofisoshin gwamnatin tarayya daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwana 43, rufewar da ba a taɓa yin mai tsawonta ba kafin nan, ma'aikata dubbai suna zaune ba albashi. Aka buɗe ba tare da an ƙara wa'adin ba. Kafin wannan kuma, ran 4 ga Yuli 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta rage kuɗin Medicaid, wadda ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara yawan marasa inshora da mutum wajen miliyan 10 kafin 2034.

Cibiyar KFF ta lissafa cewa in gudummawar ta faɗi, abin da mai samunta ke biya daga aljihunsa zai haura ninki biyu, daga dala 888 zuwa dala 1,904 a shekara in an daidaita. Kamfanoni kuwa ba su jira ba. Sun san wanda zai fara ficewa shi ne saurayi mai jini a jika, mai ciwon sukari da mai ciwon zuciya ba su da inda za su, ko nawa aka ce sai su biya. Saboda haka tun da su ke yanka zubin 2026 suka sa wannan cikin lissafi, tare da tsadar asibiti da ta magani, suka ɗaga shi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.